Ragowar Kwano a Unguwar Boro

Unguwar Boro, Kaduna, Najeriya

Zuwa ga yayata Rahamu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ki lafiya, ke da maigidanki Malam Ada da yara baki ɗaya. Yaya jikin Inna? Abarshi direba ya ce ya gan ta a ƙofar gida tana tsinkar zogale, har ta tsayar da shi tana tambayar ko na rame. Na ji daɗin wannan labari, don in Inna ta samu ƙarfin tare mutum a hanya da tambaya, to ƙafar ta yi sauƙi. Allah ya ƙara mata lafiya, ya jiƙan Baba, ya kyautata tamu. Ki gaya mata ban rame ba. Lafiyata lau, sai kewar gida.

Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san inda na tsaya a makarantar lakwal. Ran da muka yi waya na ce maki zan bar gidan Baba Timothy, kin yi ta tambaya me aka yi mani, ni kuma na yi ta cewa ba komai. Ba ɓoye maki nake ba. Tagar ɗakina tana kallon madafin matarsa ne, duk abin da na faɗa a kunnenta yake sauka. Abarshi ya ce tun ranar ba ki da sukuni, kina cewa zan tsinke zumuncin da Baba ya bar mana. Shi ya sa na zauna in ba ki labarin tun daga tushe.

Kin fi ni sanin Baba Timothy, tunda kina da wayo lokacin da yake aikin jinya a ƙasarmu yana kwana a zauren Baba. Ni labari kawai na tashi ina ji. Yanzu ya tsufa, ya bar aiki, ga ciwon suga. Yana da fili a bakin wani rafi gaba da Rido, can inda ake hango dogayen bututan matatar mai, kuma burinsa kafin ya mutu ya ga albasar Galmi ta wajenmu ta yi a gonarsa, shi ya sa ya aika in zo. Ran da na iso, ƙarshen damina, ya rungume ni a bakin titi yana kuka, yana kiran sunan Baba, yana cewa ga Illa ya dawo, har tafiyar iri ɗaya. Matarsa Mama Hannatu kuwa kaza ta sa aka kamo. Gidan babba ne, amma su biyu ne rak a ciki. Ɗansu Victor yana Ikko, ɗiyarsu Faith tana aure a Abuja. Aka ba ni ɗakin Victor da ke bayan gida, da gado da katifa da fanka, har da tawul sabo.

Yaya, ban taɓa sanin karramawa tana sa mutum kaɗaici ba sai a nan. In na ɗauki tsintsiya, Mama ta karɓe. In na ɗauki bokiti zan ja ruwa, ta ce baƙo ba ya jan ruwa a gidanta. Suna da kare, saboda ni aka ɗaure shi a gindin gwanda, ya yi ta kallona kamar ya san ni na ja masa. Da asuba suna yin addu'arsu da waƙa, da Hausa ma suke yi, ina ji ta bango, amma da sun ji na zuba ruwan alwala sai su rage murya. Ba a jin kiran salla a unguwar, da rana da agogon waya nake gane lokaci. Ran Juma'a nake samun jam'i wajen direbobin tanka a Rido, mu gaisa, kowa ya kama gabansa. A gona mutum ɗaya ne muke aiki tare, Joseph, mutumin Binuwai, ba ya jin Hausa sai Turancin kasuwa, ni kuma ba na jin nasa. Da hannu muke magana. Na dafa masa shayinmu sau ɗaya, ya kurɓa ya tofar, ya nuna mani da hannu wai maganin zazzaɓi ne. Tun daga nan ni kaɗai nake shan na fari da na biyu da na uku, ɗayan kofin yana kife.

Ranar Lahadi ta fi kowace rana tsawo. Tun da safe kowa ya ci ado ya tafi coci, Mama ta ɗaura zanen zumuntar mata, layin ya zama wayam, ko mai kanti ba ya buɗewa. Ganguna na tashi ta gabas, suna tashi ta yamma, ni da kare muna zaune muna gadin gida. Wani lokaci nakan hau Keke Napep in tafi kasuwar Sabon Tasha ba don sayen komai ba, sai don in tsaya kusa da masu albasa in ji ko wani zai yi magana da harshen wajenmu.

To, ga ainihin maganar. Ba na cin abinci tare da kowa. Baba Timothy yana cin nasa da wuri saboda magani, abincinsa daban, ba gishiri ba mai. Ni kuma sai gab da magariba nake dawowa daga gona, in tarar Mama ta ajiye mani tire a kan tebur a ɗakina, an rufe da kyalle mai fure, ga cokali a gefe. In zauna ni da bango in ci. Kuma kin san yadda kika rene ni. Tun ina ƙarami, in na miƙa hannu ga lomar ƙarshe a gidan mutane sai in ji muciya a bayan hannu. Kika ce baƙon da ya sulle kwano ya gaya wa mai gida bai ƙosar da shi ba, kuma ya cinye rabon yara. Saboda haka kullum nakan ci, in bar gefe guda da kyau, in ɗora tsokar nama mafi kyau a kai, in rufe, in ajiye a bakin madafi, in yi godiya. Abincinta kuwa da daɗi, Yaya. Tana yin wani pate na acca da yakuwa da gyaɗa wanda in kin ci sai kin lumshe ido. Sau da yawa ban ƙoshi ba nake tsame hannu, amma ina jin na fita kunyar Baba.

Sai na fara ganin abubuwa da ban gane kansu ba. Wata rana na hango ta ta taga ta buɗe kwanon, ta daɗe tana kallon naman da na bari, sannan ta juye wa kare. Abin ya sosa mani rai, amma na ce kowane gida da al'adarsa. Bayan kwana biyu na ga sabuwar tukunya a kan murhu, takardar kanti ma ba a ɓare ba, da sabon ludayi, ta rataye su nesa da sauran. Daga nan duk ran da ta dawo kasuwa sai ta tsaya tsakar gida ta ɗaga murya, kamar da kaji take magana, tana cewa naman nan wajen Malam mahauci ta saye shi, a gabanta ya yanka, da bisimillarsa da komai. Ni kuma da na ga ta ƙara mani nama, sai na ce karamci ya ƙaru, ni ma in ƙara ladabi. Na riƙa barin tsoka biyu.

Daga baya gaisuwarmu ta gajarce. Da can in na dawo takan tsaya ta tambaye ni labarin Inna da yadda ake yin cuku, tana kirana ɗana. Sai ta koma ce mani Malam. Ran nan na buɗe tire na ga ba girkinta ba ne, shinkafa da wake ne a leda daga wajen wata mai abinci Bahaushiya da ke bakin tasha. Washegari ma haka. A raina na ce shi ke nan, na zame mata nauyi. An ware mani tukunya kamar mai ciwon da ake gudu, yanzu kuma girkin ma an gaji. Na ci na ledar, na bar gefe kamar kullum. Na haƙura, kin san halina. Amma nakan kwanta in yi ta kallon hoton Victor da ke bango da hular makaranta, in ce ɗakin wani ne, gadon wani ne, uwar wani ce. Lokacin ne na yi maki wayar nan.

Akwai bukka a gona inda muke ajiye injin ban ruwa. Na yanke shawara in koma can. Ran wata Juma'a da la'asar na samu Baba Timothy a gindin mangwaro na ce masa albasa ta fara ɗaura kai, tana son mai kwana kusa da ita. Ya ce to, in aiki ya ce haka. Har na miƙe, sai na ji ya ce, kamar da kansa yake magana, wai shi ya ci tuwo kwano ɗaya da Illa shekara da shekaru, amma ga shi ya kasa riƙe ɗan Illa rani guda. Wallahi Yaya, da duka ya yi mani da ya fi sauƙi.

Da safe na rataya jakata na fito. Sai na tarar da Mama Hannatu ta kifa turmi a bakin ƙofar gida ta zauna a kai, ta tare hanya. A gabanta ga tukwane biyu, tsohuwar baƙar tukunyarta da sabuwar. Ko amsa gaisuwata ba ta yi ba. Ta ce in tafi, ba ta hana ni ba, amma kafin in taka waje in zo in nuna mata da yatsa abin da nake gani a cikin tukunyarta. Ta ce ta sayi sabuwar tukunya, na rage. Ta taka har wajen Malam mahauci da ƙafarta mai ciwo, na rage. Ta ɗaure karenta da ba a taɓa ɗaurewa ba. Ta ce alade bai taɓa shiga gidan nan ba tun da aka aza tubalinsa, in tambayi duk layin. Ƙarshe ta sayo na hannun 'yar'uwata Musulma, shi ma na rage, to ashe ba tukunyar ba ce, hannunta da ya ɗauko ledar ne nake ƙyama. Ta miƙo mani hannayen biyu ta ce in duba su da kyau, da sabulu take wanke su kamar kowa. Ta ce a garinsu in ka ci abincin mace ka bar nama a kai, ka zage ta ne ba da baki ba.

Na sauke jakar, na durƙusa, na ce Mama wallahi ban taɓa cin pate mai daɗin nata ba, kuma sau da yawa da yunwata nake tashi. Na gaya mata yadda abin yake a wajenmu, da muciyarki da komai. Ashe Baba Timothy yana tsaye a baranda da buroshi a baki, yana ji. Sai kawai ya zauna a kan dakali ya kama dariya, har tari ya sarƙe shi. Ya ce Hannatu, Hannatu, me ya hana ki gaya mani tun farko? Ta ce in ta gaya masa ɗan amininsa yana ƙyamarsu, jininsa ya hau, wa zai kwana da shi a asibiti? Ya ce ai shi ma an yi masa, amma a juye. Wai farkon zuwansa gidanmu, don ya nuna ladabi irin na garinsu, sai ya riƙa sulle kwano tas har da lashe yatsa. Inna ta ga haka ta ce baƙo bai ƙoshi ba, ta ƙaro babban akushi. Ya cinye da ƙyar. Washegari ta aiko wanda ya fi shi. Ya ce saura kaɗan tuwon gero ya kashe ma'aikacin asibiti, sai da Baba ya ja shi gefe ya ce don Allah ya riƙa ragewa, gero ya kusa ƙarewa a rumbu. Ki tambayi Inna ko tana tune.

Mama dai ba ta yi dariya ba. Ta goge ido da bakin zane ta ba ni wani labari. Ta ce da can a hayin kogi suke zaune, ta Tudun Wada, bango ɗaya da wata maƙwabciyarta Musulma. In salla ta zo a aiko mata, in Kirsimeti ta zo ita ma ta aika, 'ya'yansu kwano ɗaya suke ci. Da rikici ya raba gari suka ƙetaro nan kudu. Kirsimetin farko bayan haka ta dafa shinkafa da kaza, ta shiga bas ta haye gada ta kai da kanta. Ba ta tarar da matar ba, ta bar wa mutanen gidan. Da yamma aka aiko mata da kwanon yadda ta kai shi, ko murfin ba a ɗaga ba. Ta ce har yau ba ta sani ba ko matar ta san an yi haka, kuma ba ta ƙara komawa ba. Ta ce da mijinta ya ce ɗan Illa zai zo, murna ta yi, ta ce Allah ya kawo mata wanda zai ci girkinta. Sai ga kwano yana dawowa kullum da nama a kai.

Daga nan ta dube ni ta ce to ta ji, rabon yara ne. Amma waɗanne yara, tunda ina gani gidan nan ko jariri babu? Yaya, a nan ne ta kama ni. Don gaskiya, duk lokacin da na tura naman nan gefe, ɗiyarki Zalika nake gani. Yadda take laɓewa a bakin zaure da yatsa a baki, tana leƙe tana jira ni kawunta Nomau in tsame hannu ta sure kwanon ta ruga bayan rumbu kada yayyenta su gani. Na fara gaya wa Mama ina da 'yar ɗiyar yayata, ban kai ƙarshe ba na sunkuyar da kai. Ta tashi daga kan turmin, ta ɗauki jakata da kanta ta mayar ɗaki. Tana wucewa ta kwance karen.

Ranar ban je gona da wuri ba. Ta dafa pate a tsohuwar baƙar tukunyar, ta zuba mani a gindin mangwaro kusa da Baba, ta tsaya a kaina ta riƙe ƙugu kamar soja. Na ci, na ci, har na zo lomar ƙarshe. Wallahi hannuna ya tsaya da kansa, ina jin zafin muciyarki a bayansa. Ta ce ɗana, ina kallonka. Na rufe ido na kai baki. Ki yafe mani, har kwanon na sulle da yatsa.

Saboda haka ki kwantar da hankalinki, ina nan gidan, zumuncin Baba bai tsinke ba. Yanzu Baba Timothy yana jinkirta abincinsa kaɗan mu ci tare, shi da kwanonsa marar gishiri, ni da nawa, yana satar kallon namana. An bar mani tsintsiya da bokiti. Sabuwar tukunyar ta koma ta dafa wa kaji dusa. Amma ba zan yi maki ƙarya in ce kewa ta tafi ba. Lahadi tana nan da tsawonta. Har yanzu ni kaɗai nake shan shayi a bakin rafi. Kuma abin da ya fi ci mani rai shi ne bayan na cinye, idona kan kai bakin ƙofa da kansa, in ga ba kowa a wurin, sai kare yana kaɗa wutsiya, shi ma yana jin haushina tunda na yanke masa rabo. Albasa kuwa ta yi, ko da yake jar ƙasar nan tana riƙe ruwa fiye da tamu, sai na ɗaga fangalin sama. In Allah ya yarda bayan an cire an shanya zan taho.

Abarshi zai ba ki ƙulli biyu tare da takardar nan. Ƙaramin citta ce ta Inna, daga garin su Mama, ta riƙa jefawa a kunu saboda sanyin ƙafa. Babban kuma gwangwani ne cike da cincin da soyayyen nama na Kirsimeti. Mama ta ce na Zalika ne, a gaya mata ragowar kawunta ce ta taru aka aiko mata gaba ɗaya. Ta kuma ce lalle in rubuta maki cewa a tsohuwar tukunyar ta soya, kuma ni na yanka ragon da hannuna.

Ki gaida Inna da kyau, ki ce ta ci gaba da sa ni a addu'a. Ki gaida Malam Ada, da Gwaggo Tsahara, da Kawu Na'Allah da iyalinsa, da samarin majalisar shayi, ki ce su ajiye mani kofina. Baba Timothy da Mama Hannatu suna gaishe ku duka.

Roƙo ɗaya nake maki, Yaya, kuma na san zai yi maki wuya. Abarshi zai dawo da gwangwanin, Mama kuma da hannunta za ta buɗe shi. In za ki sako mata cuku ko kilishi, ki sako, za ta ji daɗi. Amma na cikinsa, don girman Allah, kada ki bar ko ƙwaya ɗaya don kunya. Ki ajiye muciyar nan gefe. Ki bar Zalika ta cinye tas, ta lashe murfin.

Naki ƙanenki mai kewarku,
Nomau Illa